Amfanin Rakiya

Tun da na dawo daga Abare ban huta da tambaya ba. A Islamiyya, a gidan suna, har a wajen niƙa sai an ja ni gefe: “Rabi, wai ya hanya? Wai da gaske ne abin da anka ce kin yi?” Na gaji da maimaitawa, kuma na lura duk wadda na ba labarin sai ta ƙara masa gishiri kafin ya kai kunne na uku. To ga shi na rubuta da hannuna. Wadda ta karanta ta ga wauta na yi, ta riƙe ra'ayinta a gidanta.

Ga waɗanda ba su sani ba, Luba ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ta auri Ɗanjuma, wani mutumin gabas da aikin zinariya ya kawo ƙasar Anka, suka zauna a Abare. Allah ya yi mata rasuwa wajen haihuwa a farkon damina, ita da abin da ke cikinta. Ban samu jana'iza ba, ban samu uku ba, ban samu bakwai ba, domin a lokacin hanya ba ta biyuwa. Ta bar 'ya'ya mata biyu: Asma'u mai shekara goma sha ɗaya, da Rakiya mai shida. Rabona da Rakiya tun ranar sunanta. Na dai san ba ta da lafiya, amma duk sanda na tambayi Luba a waya sai ta ce, “Da sauƙi, Yaya,” ta sako wata maganar.

Kun san al'adarmu, ranar sadakar arba'in ake zama a raba marayu, kowa ya ɗauki wanda zai riƙa. Da na nemi izinin tafiya, maigidana Malam yana kan keken ɗinkinsa, bai ko ɗaga ƙafa daga kai ba.

Ya ce, “Ki tahi, Allah shi kiyaye. Amma guda za ki ɗauko. Kin san gidanga, kin san abin da ɗinki ka kawowa. Ki ɗauko babbar, ita za ta yi miki amfani.”

Na ce to. Ba zan ɓoye muku ba, raina ya so hakan. 'Ya'yana huɗu duk maza ne, kuma tun haihuwar autana bayana bai sake zama daidai ba. Na riƙa hango Asma'u tana taya ni tankaɗe, ina yi mata kitso, ina ganin fuskar Luba a tata. Malam ya ɗinka mata riga da zani na atamfa mai ruwan ganye, da ƙaramin hijabi. Na naɗe su a ƙasan jaka, na ɗora bandar kifi da ɗan man shanu na tsaraba.

Yanzu ba a sammako a tashar Gummi. Direbobi sai sun jira motar farko ta iso daga wancan gefen, an ji bakin direbanta, sannan kowa ya tada tasa. Sai da hantsi ya dubi ludayi muka tashi, mu huɗu a baya, biyu a gaba ban da direba. A damana wata tsohuwa ce 'yar Zugu, rungume da ƙullin irin wake kamar jariri. A haguna kuma, bayan an sa jakata a tsakani, wani mai maganin gargajiya ne da akwatinsa a cinya.

Ba mu kai Daki Takwas ba ya buɗe akwati. Ya zaro kwalba mai ruwa baƙi ya ce wannan amfaninta arba'in ne cif. Basir, shawara, sanyin ƙashi, daji, ciwon baya, ya dube ni da ya zo kan ciwon baya kamar wani ya tsegunta masa. Yana lissafi da yatsu, in sun ƙare ya sake komawa kan babban yatsa. Sai ya tuna mini da malaminmu na aikin gona a sakandare. Kowace jarrabawa tambayarsa ɗaya ce, sunan abin kawai yake canzawa: kawo amfanin saniya guda biyar, kawo amfanin dogon yaro guda biyar. Ni kuwa na ƙware. Nono, nama, fata, taki, huɗa. Ban taɓa faɗuwa wannan darasin ba.

Da muka shiga inda kwalta ta mutu, mota ta fara rawa a ramuka, sai mai magani ya yi shiru a kan amfani na goma sha bakwai. Can ya ce, “Direba, don Allah tsaya.” Bai ƙarasa buɗe ƙofa ba ya mayar da kunun safe.

Direba ya leƙo ta madubi ya ce, “Malam, cikin arba'in ɗin nan babu na mota?”

Har shi mai maganin sai da ya yi dariya yana goge baki. Tsohuwa ta ciro goro ta ɓara masa, ta ce ya tauna, ita ba ta san amfaninsa nawa ba, amma yana tsayar da zuciya.

Bayan nan dariya ta ƙare. Akwai wani yanki na hanyar da direba ke kashe rediyo ba tare da kowa ya ce ya kashe ba. Garuruwa ne a gefen hanya babu kowa, rumbuna a buɗe, ciyawa ta rufe ƙofar masallaci. Kowa ya kama abin da ya sani na addu'a. Ni dai Hasbunallahu nake ta ja, ina tuna fuskokin 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya.

A wani shinge aka ce kowa ya sauka ya taka da ƙafa. Sojan da ya duba jakata, Hausarsa a karye take, ya shinshina ya ce, “Mama, kifi?” Na ce kifin Gummi ne. Ya ce uwarsa ma kifi take sayarwa a garinsu, can kudu, kuma ya daɗe bai gan ta ba. Yaro ne ƙarami, ban jin ya fi babban ɗana da yawa. Na ce Allah ya mayar da shi gare ta lafiya. Ya ce amin da ƙarfi, kamar bai saba jin ana yi masa addu'a a wurin ba.

Tsohuwar Zugu ta sauka a wata mararraba inda babura ke jira. Ashe a Gummi take gudun hijira wajen ɗiyarta, za ta koma ne ta shuka wake. Wani ɗan kasuwa da ke gaba ya juyo ya ce, “Haba Inna, mi amfanin shuka abin da ba ki da tabbacin ke za ki roro?”

Ta gyara ƙullinta a ka, ta ce, “Gonar ubana ta. Ba ta kwana hwako ina da rai.” Ta juya ta tafi, ko sallama ba ta yi masa ba.

La'asar sakaliya muka shiga Anka, lokacin shiga Abare ya wuce. Na sauka gidan Balkisu, wadda muka yi aji ɗaya da ita, yanzu ma'aikaciyar lafiya ce. Ta kawo mini hoce mai zafi, gasasshen ƙullin dawa mai tauri irin nasu, da miyar kuka. Ina gutsura a hankali ta ce, “Ci mana! Ku mutanen Gummi in ƙayar kihi ba ta tsaya muku a wuya ba, ba ku san kun ci abinci ba.” Na ce su kuma mutanen Anka ban san wane laifi haƙoransu suka yi musu ba. Na ba ta bandar kifin, ta karɓa da hannu biyu duk da cika bakinta.

Muna cikin ci na ce mata Asma'u zan ɗauko. Ta ajiye lomarta.

Ta ce, “Rakiya hwa?”

Na ce ai ubanta na nan.

Sai Balkisu ta gaya mini abin da Luba ta ɓoye mini shekara biyar. Gubar dalma ce, wadda ke cikin dutsen da ake niƙawa a fitar da zinariya. Ta shiga jikin Rakiya tun tana rarrafe. Ba ta magana, ba ta tafiya, kuma tana faɗuwa irin ta farfaɗiya lokaci zuwa lokaci. Magani na rage gubar a jini, in ji Balkisu, amma abin da ta riga ta taɓa a ƙwaƙwalwa ba ya dawowa.

Ta ce, “Ƙanwarki ba ta taɓa hwashin kawo ta asibiti ba. Da tsohon ciki ma goye da ita taka zowa bisa babur. Na ce mata ta huta, tac ce in ta huta wa za shi kawo ta?”

Na kasa ƙarasa hocen. Kafin in kwanta ta yi mini gargaɗi kamar mai karanta wa ɗaliba doka: kada in zauna a ƙasa babu tabarma, kada in ci komai ban wanke hannu da sabulu ba, kada in bar mayafina yana jan ƙasa.

Da safe ta haɗa ni da wani ɗan kabu-kabu dattijo da ta yarda da shi. Hanyar Abare a damina, wanda bai bi ta ba ba zai gane ba. A wani rafi ya ce in sauka mu taka. Ruwa bai wuce gwiwa ba, amma laka ta kama takalmina na dama, na ja ƙafa ta fito ita kaɗai. Muka laluba har ya gaji. Ya ce, “Hajiya, rahin ga ya karɓi kuɗin shiga.” Haka na isa garin da ƙanwata ta mutu da takalmi ƙafa ɗaya. A bakin kasuwa na sayi silifa, babu na mata, sai na maza wani ƙato da nake ja kamar kwale-kwale.

Tun kafin a ga garin ake jin ƙugin injinan niƙa daga bayan gari. Maza na dawowa daga can fari fat da ƙura, ido kawai ake gani. Na ji Zabarmanci, na ji Fillanci, na ji Hausar Kano da ta Katsina, har da wani yaren da ban taɓa ji ba. Mai shayi na soya ƙwai da taliya da rana tsaka, abin da a Gummi sai dai da safe ko bayan magariba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ƙasar tsakar gida. Ja ce, ba irin ta waje ba. Aka ce mini shekarun baya an kankare ƙasar gidajen duka an kwashe, an zubo sabuwa daga nesa. Wata mata ta ce mini, “Mu nan ƙasar ɗakinmu ma baƙuwa ta.” Mu a gida yaro na rarrafe ya dumbuzi ƙasa ya kai baki, tsofaffi su ce a bar shi, ƙarfi yake yi. A Abare na ga uwa ta yar da tukunya ta yi tsalle ta fizge ɗanta don ya taɓa takalmin ubansa. Kuma namiji mai hankali ba ya shiga gida da kayan aiki, sai ya yi wanka ya canza a waje.

Gidan hayar da Luba ta zauna na wata mata ce, Inna Mairo, mai dafa abincin sayarwa ga masu haƙa. Ina yin sallama na ga yarinya tsaye tana wanke tukwane, goye da wata yarinyar da ƙafafunta suke kai mata har gwiwa. Ba sai an gaya mini ba. Goshin Luba ne, har da ɗan tabon gira irin na gidanmu.

Ta ce, “Inna Rabi?” Ta rungume ni da hannuwa duk kumfa, goyon na tsakaninmu.

Rakiya ba ta dube ni ba. Tana riƙe da wani tsohon ɗankwali da na sani, ni na saya wa Luba shi, tana murza bakinsa tana wani ɗan gunji a hankali kamar mai waƙa da baki rufe. Da aka kawo fura na miƙa mata ludayi, ta kau da kai. Asma'u ta ce, “Ba ta sha sai ta ga na kurɓa.” Ta kurɓa, ta miƙa mata, ta sha. Kowane ludayi haka, har ƙwaryar ta ƙare.

Ɗanjuma ya zo gaishe ni, ya rame kamar ba shi ba. Ya durƙusa daga bakin ƙofa. Ban tambaye shi komai ba, shi ya fara.

Ya ce, “Yaya, buhu ɗaya ne na dutsen zinariya. Bayan an canza ƙasar gidan. Tsoron ɓarayi ya sa na riƙa ɓoye shi a ƙarƙashin gado kafin a kai inji. A nan Rakiya take rarrafe. Wallahi ban ɗauka buhu ɗaya zai yi haka ba.”

Na zo da maganganu masu zafi a bakina tun daga Anka. Da na dube shi durƙushe a wurin sai na haɗiye su. Na ce Allah ya yafe mana baki ɗaya.

Aka yi addu'a, aka raba waina da goro, baƙi suka watse. Bayan azahar aka shimfiɗa tabarma don zaman da ya kawo mu. Kawu Bala, ƙanen mahaifiyarmu da ya zo daga Anka, ya zauna a bakin ƙofa shi da Ɗanjuma. A ciki ni ce, da Inna Mairo, da Hajiya Turai, yayar Ɗanjuma da ta zo daga garinsu. Ɗanjuma ya ce shi zai bi abokan aikinsa wani sabon rami mai nisa, ba wurin da za a je da yara ba ne.

Hajiya Turai ce ta fara. Ta ce Asma'u jininsu ce, kuma ta lura da ita kwana biyun nan: ta iya tuwo, ta iya wanki, ba ta da ƙiwa, ga ladabi. Ita kuwa 'ya'yanta duk sun yi aure, tana bukatar mai miƙo mata ruwa.

Inna Mairo ta ce, “A'a Hajiya, ɗiyag ga a hannuna ta tashi. Ta san kan tukwanena, ta san masu sayen abincina da sunansu. In kunka ɗauke ta kun karya ni.”

Suka yi ta ja. Wannan ta kawo nata, waccan ta ƙara. Tuwo, wanki, ɗiban ruwa, talla, kitso. Ina zaune ina jin su, sai na ga kaina a aji, da takardar jarrabawa a gabana. Har biyar ɗin sun cika. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ni ma da nawa lissafin na zo, yana naɗe a ƙasan jaka, mai ruwan ganye.

Na waiga. Asma'u na zaune a bayan ƙyaure, Rakiya a cinyarta, tana goge mata yawu da bakin zani. Duk tana ji.

Na ce, “Kawu, ɗiya biyu Luba ta bari. Ban ji an ambaci guda ba.”

Ɗanjuma ya sunkuyar da kai ya ce ya yi magana da Inna Mairo, za a bar Rakiya a nan, ana ba ta abin da ya samu, har Allah ya yi ikonsa.

Har Allah ya yi ikonsa. Kun san abin da ake nufi in an faɗi haka a kan mai rai.

Hajiya Turai ta ce, “Ke ma dai Rabi, a faɗi gaskiya. Wannan ko an ɗauke ta, mene ne amfaninta? Wahala ce kawai, ba ta san ma waye ya riƙe ta ba.”

Ni ba mai faɗa ba ce, kun san ni. Ko a makaranta in ana rigima ni ce mai kuka. Amma ranar na ji muryata ta fito ba rawa.

Na ce, “Kawu, a Islamiyya an karantar da mu, in uwa ta rasu riƙo na kakar wajen uwa ne, in babu ita sai 'yar'uwar uwa. Innarmu ta rasu. Haka ne ko ba haka ba?”

Ya ce, “Haka na.”

Na ce, “To magana tawa ta. Kuma na yahe. Hajiya, ki ɗauki Asma'u. Inna Mairo, in ke kika so, ki riƙe ta. Sharaɗi guda: ba a raba su. Wadda ta ɗauki babbar ta ɗauki ƙaramar, ta kai ta asibitin Anka duk sanda anka ce, kamar yadda uwarta ta yi. Wa ka so?”

Hajiya Turai ta fara gyara mayafi, ta ce ita hawan jini gare ta, kuma garinsu da nisa. Inna Mairo ta ce ita da ke tsaye kan wuta tun asuba, ina ta ga lokacin asibiti. Asma'un da ake ja kamar za a tsaga ta biyu, cikin ƙiftawar ido ta rasa mai so.

Na ce, “To ni na ɗauka. Duka.”

Kawu Bala ya dube ni ta gefen ido ya ce, “Rabi, mijinki ya sani?”

Na ce, “Zai sani.”

Ɗanjuma ya rufe fuska da hula ya yi kuka kamar yaro. Asma'u ta tashi ta shiga ɗaki, na ji tana haɗa kwanonin uwarta.

Washegari muka hau babur mu uku bayan dattijon nan, Rakiya a bayana ɗaure da zanen Luba, Asma'u a tsakiya da ƙullin kaya. Da muka zo rafin ya ce in riƙe silifana da kyau, rafin ba ya ƙin ƙari. A Anka Balkisu ta rubuta mini takardar da zan riƙa nunawa a asibiti, da ranakun da zan dawo da Rakiya. Ba ta ce mini na kyauta ba, ba ta ce na yi kuskure ba. Ta dai cusa mini hoce a jaka ta ce in ba mutanen Gummi su ga abinci.

A tashar Anka na kira Malam. Ban taɓa saɓa maganarsa a kan abu babba ba, kuma na san nauyin hakan a wurin Allah.

Na ce, “Malam, guda ka ce. Biyu na ɗauko.”

Ya ce, “Ki iso tukuna.”

A mota Rakiya ta jiƙa mini zani tun ba mu yi nisa ba. Matar da ke kusa da ni ta matsa, ta toshe hanci da mayafi, ta ce, “Ɗiyarki ta?”

Na ce, “Awo, ɗiyata ta.” Karo na farko ke nan da na faɗa, kuma na faɗa yadda na gaban mota ma zai ji.

Mun iso Gummi gab da magariba. Malam na zaure. Ya dubi Asma'u, ya dubi abin da ke bayana, ya amsa gaisuwa, ya koma kan kekensa. Kwana biyu ba ya ce mini komai sai abin da ya zama dole. Na ba shi haƙuri a kan saɓa masa da na yi, domin hakkinsa ne. Amma na gaya masa a fili, haƙuri nake bayarwa, ba mayar da ita zan yi ba. In gidan ya yi mana kaɗan, a rage daga tuwona.

Rana ta uku Juma'a ce. Asma'u ta yi wanka ta sa atamfar nan mai ruwan ganye, ta fito tsakar gida tana jin kunya. Rakiya na kan tabarma da tsohuwar rigarta da ta ƙanƙance. Malam ya shigo zai yi alwala, ya tsaya yana dubansu. Ya ajiye buta ya koma zaure. Sai ga shi da tef ɗin awo a wuya.

Ya ce, “Tashe ta tsaye.”

Asma'u ta ce, “Baba, ba ta tsayuwa.”

Ya durƙusa a kan tabarma, mutumin da gwiwarsa ke ciwo, ya auna ta a kwance. Kafaɗa, hannu, tsawo. Rakiya ta kama bakin tef ɗin ta ƙi saki, ya jira har ta gaji don kanta. Da zai tashi, ba tare da ya dube ni ba, ya ce, “Akwai sauran ƙyallen. Ba a ganin ɗiya guda da sabon kaya guda babu, a gidana.”

Kada ku ɗauka daga nan komai ya zama daɗi. Rakiya ba ta warke ba, kuma Balkisu ta ce kada in sa rai. Sau biyu ta faɗi tun zuwanmu, na farkon har na ɗauka mutuwa ce. Bayana ya ƙaru da ciwo. Hanyar Anka da na bi ina karanta Hasbunallahu, yanzu ni da ita mun zama na kullum. Asma'u kuwa na sa ta makaranta, da safe ba ta nan, don haka ko tankaɗen da na yi mafarki ni nake abina. Abin da ya canza ɗaya ne: yanzu in na kurɓa, Rakiya na karɓa daga hannuna.

Masu kirki a cikinku suna ce mini, “Ai lada kike tarawa, Rabi.” Ina fata, Allah ya sa. Amma ko da ba a ce akwai lada ba, 'yar Luba ce, kuma tana jin yunwa kamar kowa.

Shekaranjiya wata maƙwabciya ta shigo, ba zan faɗi sunanta ba, ta san kanta. Ta zauna ta sha furata, ta daɗe tana kallon Rakiya cikin sabuwar rigarta, sannan ta matso ta rage murya ta ce, “Ni dai Rabi, tsakaninki da Allah, mi amfaninta?”

Na tashi na ɗauko mata takalmanta daga bakin ƙofa, na ajiye su a gabanta, na juya su suna kallon waje.

Duk mai son zuwa ganin 'ya'yana, ƙofa a buɗe take, akwai fura. Mai wannan tambayar kuma ta bar takalmanta a ƙafa, ta rage mini sunkuyo.